Jan ruwan inabi: kada shekarar da ke jikin kwalba ta yi maka ciniki

Lambobi huɗun nan da ake bugawa a jikin kwalbar jan ruwan inabi, 2010 ko 2016 ko 2019, ba lokacin ɗurawa ba ne, ba kuma lokacin lalacewa ba. Shekarar da aka tsinke inabin ce daga gona. A dokar Tarayyar Turai ba a yarda a rubuta shekara ba sai aƙalla kashi 85 cikin ɗari na inabin a shekarar aka girbe shi. Lambobin ƙanana ne, amma suna ninka kuɗin kwalba, suna sa mutum ya yaba abin da harshensa bai yaba ba, kuma da su 'yan damfara suka fi cin kasuwa.

Na san yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma addininsu ya haramta giya kowace iri. Ina girmama wannan, ba kuma kiran kowa nake yi ba. Da masu saye nake magana: 'yan'uwa Kirista da ke shirin biki ko Kirsimeti, ma'aikatan otal da gidajen abinci da ake turawa kasuwa, da wanda yake son kai wa surukinsa tsaraba ba tare da ya sha kunya ba.

Ba zan ce shekara banza ce ba, don ba gaskiya ba ne. Yankin Bordeaux na kudu maso yammacin Faransa yana bakin tekun Atlantika, kuma yanayinsa ba shi da alkawari. Kurangar inabi tana toho daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. In sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka a wannan lokaci, dare ɗaya ya isa ya ƙone tohon baƙi ƙirin. Haka aka yi a Afrilun 1991, aka sake a ƙarshen Afrilun 2017 har amfanin yankin ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, aka kuma yi a 2021. Wajen farkon Yuni take fure, in aka yi ta ruwa furen ya zube. A 2013 komai ya haɗu musu: sanyi da ruwa lokacin fure, ƙanƙara a watan Agusta, sannan ruɓa ta kama inabin gab da girbi, dole da yawa suka tsinke shi bai gama nuna ba, ruwan ya fito tsararo da tsami. A 2003 kuwa zafi ne ya yi yawa, inabi ya bushe a kan kuranga, wasu kwalaben har yau ɗanɗanon zabibi suke yi. Wani masanin tattalin arziki na jami'ar Princeton a Amurka, Orley Ashenfelter, ya nuna cewa da abu uku na yanayi, ruwan hunturu da zafin watannin noma da ruwan lokacin girbi, ana iya hasashen inda farashin Bordeaux na shekara zai kai a gwanjo. Masu ɗanɗano sun yi masa ca, amma kyawun da ya hango wa 1989 da 1990 ya tabbata.

Inda aka fara ɓata shi ne lokacin da aka mai da rahoton yanayin yanki ɗaya ya zama hukunci a kan duniya baki ɗaya. Ko cikin Bordeaux ɗin ma ba a zama ɗaya ba. Koguna sun raba yankin gida biyu. A ɓangaren Médoc irin inabin da ake kira Cabernet Sauvignon ya fi suna, shi kuma makararre ne wajen nuna. A ɓangaren Pomerol da Saint-Émilion Merlot ne sarki, yana rigansa nuna. A 1998 ruwan ƙarshen Satumba ya sauka bayan masu Merlot sun kwashe yawancin nasu, ya sami mutanen Médoc da inabi a gona. Shekara ɗaya, tafiyar da ba ta kai ta yini ba a tsakani, sakamako iri biyu. Ita 2013 da ta wahalar da Bordeaux shekara ce mai kyau a Barolo ta Italiya da kwarin Napa na Amurka. 2002 ta lalata kudancin yankin Rhône na Faransa da ambaliya, ta ba Italiya wahala, amma ta yi wa yankin Burgundy na Faransa kyau. Duk mai kantin da ya ce maka “shekara kaza mai kyau ce” bai faɗi a ina ba, haddar da ya ji yake maimaitawa.

Wa ma yake raɗa wa shekara suna? Tun 1855, lokacin baje kolin Paris, dillalan Bordeaux suka jera gidajen inabi aji biyar bisa farashin da ake sayensu. Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion suka hau aji na ɗaya, Mouton ta bi su a 1973. Wannan sunan gida ne. Sunan shekara kuwa ya yi ƙarfi sosai daga 1982, sa'ad da wani lauya ɗan Amurka, Robert Parker, wanda ke ba da maki cikin ɗari a mujallarsa, ya yaba shekarar alhali wasu manyan masu ɗanɗano suna ɗari-ɗari da ita. Shi ya yi gaskiya, daga nan makinsa ya zama kuɗi. Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne lokacin da ake ba da makin. Kowane Afrilu 'yan jarida da dillalai suna taruwa a Bordeaux su ɗanɗana ruwan da bai wuce wata shida ko bakwai da girbi ba, yana cikin ganga, ba a gama haɗa shi ba. Nan ake yanke wa shekarar suna, a yanka farashi, a karɓi kuɗin mutane, kwalba kuma sai bayan kusan shekara biyu. Masu kaya ne suke ɗibar abin da za a ɗanɗana, kuma babu mai kaya da yake son a ce shekararsa ta lalace.

2009 da 2010 sun yi kyau na haƙiƙa, babu musu. Amma sun fito daidai lokacin da attajiran ƙasar Sin suka yi wa Bordeaux rubdugu, gidajen suka tsawwala farashin da ba a taɓa gani ba, kasuwar ta kai ƙololuwa a tsakiyar 2011 sannan ta rikito. Da yawa daga waɗanda suka biya tun ruwan yana ganga sun wayi gari kwalabensu ba su kai abin da suka biya ba. Lafite ta 2008 ma farashinta ya yi tsalle ne bayan gidan ya sanar da cewa zai buga alamar lamba takwas ta rubutun Sin a jikin kwalbar, don takwas lambar sa'a ce a can. Ruwan da ke ciki bai sauya ko ɗigo ba.

Abin bai tsaya a aljihu ba, har baki yake shiga. A 2001 wani mai bincike a Bordeaux, Frédéric Brochet, ya zuba ruwa iri ɗaya a kwalba biyu, ɗaya da takardar babban gida, ɗaya da ta talaka, ya ba masu ɗanɗano sama da hamsin. Suka yi ta kirari ga ta farko, suka kushe ta biyu. A 2008 masu bincike a Kalifoniya sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su ruwa ɗaya, sau ɗaya aka ce na dala 10 ne, sau ɗaya aka ce na dala 90. Sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsi sa'ad da aka faɗi babban kuɗi. Wato ba ƙarya suke yi ba, da gaske sun fi jin daɗin. Ban ga laifin mutum ya ji daɗin labarin kwalbarsa ba. Abin da nake ƙi shi ne ya biya ninki uku saboda labarin.

To mu zo kan abin da za ka tarar a kanti.

Babbar Bordeaux ta shahararriyar shekara, 2005 ko 2009 ko 2010 ko 2016, abu ne mai kyau in ta gaskiya ce kuma an adana ta da kyau. Sai dai an yi ta ne don a ajiye shekara goma sha biyar zuwa ashirin. In ka buɗe ta da wuri ɓauri ne zai kama maka dasashi, kuma a ƙasarmu ina za ka ajiye ta? In zuciyarka ta nace sai Bordeaux, ga dabarar da manomi ya sani ba sai an koya masa ba: shekarar da damina ta yi albarka har rago rumbunsa cika yake, sai shekarar fari ake gane wanda ya iya noma. Saboda haka a shekara mai kyau kamar 2015, 2016, 2019 ko 2020, sayi na ƙananan gidaje marasa suna, don yanayi ya riga ya yi musu rabin aikin. A shekarar da aka raina ko aka manta, irin 2001 wadda sunan 2000 ya rufe, ko 2014 da ta faɗo tsakanin kukan 2013 da shagalin 2015, nemi babban gida. Su suke da hannuwan da za su zauna su tsince ruɓaɓɓen inabi ɗaya bayan ɗaya, su kuma zubar da rabin amfanin in ta kama. Ruwan irin waɗannan shekaru yana saurin yin laushi, kuɗinsa kuma da sauƙi.

Burgundy ka bar ta ga masu gadon kuɗi: gonakin ƙanana ne, kwalaben kaɗan, mai araharta kuma sau da yawa ba ta biyan bukata. Barolo da Brunello na Italiya suna da kyau, amma su ma haƙuri suke so, kuma ba kasafai za ka same su a hannun da za ka amince da shi a nan ba. Na Chile da Ajantina da Afirka ta Kudu da Ostareliya, waɗanda suka fi cika kantunanmu, a wurinsu shekara ba ta da wani nauyi, don rana ba ta cika saɓa musu ba, wurare kamar Mendoza ta Ajantina ma ban ruwa ake yi da narkakkiyar ƙanƙarar duwatsun Andes. A nan amfanin lambar ɗaya ne: ta gaya maka ko kwalbar ta kwana biyu. Nemi mafi sabunta. Ka tuna kuma su daga Fabrairu zuwa Afrilu suke girbi, don haka 2022 tasu ta girmi 2022 ta Turai da rabin shekara. Kwalba mai araha da ta shekara takwas a kanti ba tsufan daraja ta yi ba, kwantai ce.

Ni dai in za a ba ni zaɓi ɗaya, Rioja zan ɗauka, kuma Reserva ta tsohon gida.

Rioja yanki ne a arewacin Sifaniya, a kwarin kogin Ebro, kuma inabin da suka fi nomawa shi ne Tempranillo, su ɗan haɗa da Garnacha da Graciano da Mazuelo. Lokacin da ƙwaron nan mai cin saiwar kuranga ya cinye gonakin Faransa a shekarun 1860 da 1870, fataken Bordeaux suka tsallaka duwatsu suka zo Rioja neman ruwa, suka zo da gangarsu ta katako mai cin lita 225 da salon aikinsu. A garin Haro, kusa da tashar jirgin ƙasa, gidaje suka tashi a jere don sauƙin lodi, kuma har yau suna nan: López de Heredia tun 1877, CVNE tun 1879, La Rioja Alta tun 1890, ga Muga da ta zo daga baya. Marqués de Murrieta da Marqués de Riscal ma sun girme su duka.

Abin da ya sa na fi son su shi ne sun ɗauke wa mai saye nauyin jira, kuma doka ce ta ɗaure su, ba alkawarin baki ba. In an rubuta Crianza a kan jan Rioja, ya yi shekara biyu, ɗaya daga ciki a ganga. Reserva shekara uku, aƙalla ɗaya a ganga. Gran Reserva shekara biyar, aƙalla biyu a ganga, biyu a kwalba. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Tsofaffin gidajen wuce shi suke yi nesa. Viña Tondonia Reserva ta López de Heredia shekara shida take yi a ganga, gangar ma a gidan ake sassaƙa ta, kuma sai ta haura shekara goma da girbi kafin ta fita kasuwa. Duk waɗannan shekarun a ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa ta yi su, cikin sanyi da duhu, ba a bayan gilashin wani kanti ba. Ranar da ka saya ranar za ka iya buɗewa.

Maganar shekara ma gidan ya riga ya yi maka tankaɗe. Gran Reserva irin wadda La Rioja Alta take kira 904 ko 890 ba kowace shekara ake yinta ba, sai wadda suka gamsu da ita. In shekara ba ta kai ba, inabin ya sauka zuwa ƙaramin aji. Hukumar da ke kula da yankin tana ba kowace shekara daraja, kuma ta ba 2001, 2004, 2005, 2010, 2011 da 2019 mafi girma. Amma ka sani hukumar ta masu noman ce da masu gidajen, ba ta saurin kushe kanta. In ka ga ta ce “Buena” kawai, kamar yadda ta ce wa 2013, to shekarar ta ba su wuya. Duk da haka na sha Reserva ta irin waɗannan shekaru daga gidan kirki, ban tashi da ƙorafi ba. Masu son shaida daga waje kuma, Imperial Gran Reserva ta 2004 daga CVNE ita mujallar Wine Spectator ta Amurka ta sa a lamba ɗaya a 2013.

Zuba ta a kofin gilashi ka karkata shi a kan farar takarda. Tsakiyar ja ce mai haske, kana iya hango yatsanka ta ciki, bakin kuma ya fara komawa launin jan bulo. Ƙamshin farko na itacen gangar ne, wani abu kamar kwakwa, sannan a hankali na busassun 'ya'yan itace da jemammiyar fata da ganyen taba su taso. A baki ba ta da nauyi, ɓaurin ya kwanta, ga ɗan tsami da ke wanke maiƙo. Mutanen Rioja da haƙarƙarin ɗan rago da aka gasa a kan busassun rassan kuranga suke shanta, shi ya sa take tafiya da balangu da gasasshen naman rago kamar don su aka yi ta. In yaji ya yi yawa ne kawai take shan wahala, amma masu kauri da ƙarfin barasa sun fi ta wahala a nan, don wuta suke ƙara wa barkono. Wanda ya saba da mai zaƙi-zaƙi zai iya cewa ta yi masa tsami a kurɓin farko. Ya ba ta rabin sa'a a buɗe. Kuɗin kwalba ɗaya ta manyan Bordeaux ɗin nan biyar kuwa zai iya saya maka kwali guda na Reserva mai kyau.

Sai dai ka duba kalmar Rioja da kanta. “Reserva” a kwalbar Chile ba ta ɗauke da wannan sharaɗi na shekaru. Ta Rioja ta gaskiya tana da ƙaramar takardar hukuma a baya, mai lamba da ɗan ziri mai ƙyalli: ja ga Crianza, ja mai duhu ga Reserva, shuɗiya ga Gran Reserva, koriya ga wadda ba ta bi waɗannan azuzuwa ba.

Yanzu ga abin da na fi sa wa ido fiye da shekara, fiye ma da sunan gida: hanyar da kwalbar ta biyo. Ruwan inabi yana son sanyi na wajen digiri 12 zuwa 14. Ya fara wuce 25 ya daɗe a haka, tsufa yake yi da gudu. Ya kai 30 zuwa sama, dahuwa yake yi. To ka tuna kwantena ta ƙarfe a tashar ruwa ta Legas tana jiran kwastan a rana, ka tuna tirela a hanyar arewa a watan Maris ko Afrilu da zafi ke haura 40, ka tuna kantin da ake kashe janareta da dare. Na taɓa biyan kuɗi mai ciwo kan kwali guda na Bordeaux ta 2010 don bikin ƙanwata, a wani kanti mai ƙyalli da ba zan kira sunansa ba. Mai kantin sai cewa yake, “Oga, 2010 ce fa, ba a sake irinta ba.” Ranar biki na yaye dalmar bakin kwalba ta farko, yatsana ya manne. Matoshin ya turo sama, ja ya bi gefensa har waje, ruwan ya koma ƙasa-ƙasa, ɗanɗanonsa na dafaffen abu, babu rai a ciki. Ta biyu haka, ta uku haka. Da na koma, amsarsa ita ce ai haka tsohon kaya yake. Ba haka yake ba. Ajiyarsu ce ta dafa shi, kuma sun sani.

Tun daga nan, kafin in karanta shekara sai na shafa bakin kwalba. Matoshi ya kasance daidai da bakin ko ɗan ƙasa kaɗan, kada ya kumbura. Kada a ji danƙo, kada a ga sawun ja a kan takarda. Ruwan ya kai cikin wuyan kwalba in ba tsohuwa tukuf ba ce. Kwalbar da ke tsaye a taga ko ƙarƙashin fitila mai zafi, ko kyauta ba na so. Ina taɓa jikinta in ji ko da ɗumi. Ina kuma tambaya kai tsaye, “Maigida, wa ya shigo da wannan, kuma a kwantena mai sanyi ta zo?” Wanda ya san kayansa zai amsa nan take, wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa. Kuma kada ka ɗauki kwali sai ka sayi guda ka buɗe a gida.

Zafi aƙalla sakaci ne. Jabu kuwa mugunta ce da aka zauna aka shirya, kuma shahararriyar shekara ita ce jarinta, don ba wanda zai ɓata lokacinsa ya ƙirƙiri kwalbar da ba a nema.

A 1985 aka yi gwanjon wata kwalba a Landan, wai Lafite ce ta 1787, an zana haruffan sunan Thomas Jefferson, tsohon shugaban Amurka, a jikinta. Fam 105,000 aka saye ta. Wani Bajamushe, Hardy Rodenstock, shi ya ce an tsinto su a wani ɗaki da aka toshe a Paris. Attajiri Bill Koch, wanda ya sayi huɗu daga cikinsu, daga baya ya sa aka bincika, masana suka ce da na'ura mai aiki da lantarki aka yi zanen. Sai Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, wanda a gwanjo biyu na 2006 kawai aka sayar masa da kayan sama da dala miliyan 35. Manyan masu kuɗi da manyan masu ɗanɗano sun sha a teburinsa suna yabo. Abin da ya fara tona shi lissafin shekara ne. A 2008 ya kai gwanjo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot da ke Burgundy masu shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan ruwa ba sai 1982. Mai gidan, Laurent Ponsot, da kansa ya hau jirgi zuwa New York ya sa aka janye su. Da jami'an tsaro suka shiga gidan Kurniawan a Maris na 2012, sun tarar da dubban takardun manna wa kwalba, da hatimai na shekaru, da tsofaffin matosai, da kwalabe a jiƙe a wurin wanke-wanke ana ɓare musu takarda. An yanke masa shekara goma a 2014, aka mai da shi ƙasarsa a 2021. Kwalabensa da yawa har yanzu ba a san inda suke ba. In waɗanda suka ƙare rayuwarsu a wannan harka sun ruɗu saboda sun ga 1945 da 1947 a takarda, kai da ni fa? Ko a yau wani ya nuna maka kwalbar Pétrus, wani babban gidan Bordeaux, ta 1991, juya ka tafi, gidan bai fitar da ruwa a shekarar ba.

Namu jabun na gida bai kai wannan ƙwarewa ba, amma ya fi haɗari, don can aljihu ake cuta, nan har da rai. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba a jihar Abiya, ta rufe shaguna sama da 240 da aka mayar wuraren haɗa jabun abin sha, har da ruwan inabi, ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe masu manyan sunaye cikin ƙazanta. Kayan irin wannan wuri ba a garin suke tsayawa ba, mota suke hawa. Abin tsoron shi ne sinadarin methanol, wanda kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum ko ya kashe shi. Italiya da kanta ta gani a 1986, sa'ad da ruwan inabi mai araha da aka gauraya da shi ya kashe kimanin mutum 20, wasu suka rasa idanunsu. Wanda ya sha ya ji ganinsa yana dishi-dishi, ga ciwon kai da amai da suka wuce misali, ko da sai washegari abin ya taso, a kai shi asibiti nan da nan a gaya wa likita abin da ya sha, kada a ce bari ya yi barci ya warware.

Araha ita ce alama ta farko. In sunan babba ne, shekarar shahararriya, kuɗin kuma rabin na ko'ina, an gama magana. Bayan haka karanta takardar harafi bayan harafi, don masu jabu suna yawan kuskuren rubutun Faransanci da Sifaniyanci, ko su sauya harafi ɗaya da gangan. Murza dalmar baki: ta asali tana zaune lafiya lau, wadda aka mayar da hannu takan yi tattara ko a ga sawun gam. Jera kwalabe uku na kwali ɗaya ka duba ko ruwan ya tsaya a wuri ɗaya, launin takardun kuma iri ɗaya ne. Nemi sunan wanda ya shigo da kayan da adireshinsa da lambar NAFDAC. Rashin lambar hujja ce ta ƙin saye, amma ganinta ba hujjar amincewa ba ce, don ita ma bugawa ake yi. In ka cire matoshi, manyan gidaje suna buga sunansu a jikinsa, da yawa har da shekarar, sai ka gwada da ta takarda. Ragar wayar nan mai ruwan zinariya da ake naɗe wasu kwalaben Rioja da ita, asalinta don hana a buɗe a sake ɗurawa ne, amma yau ado ce da kowa zai iya saye, kada ta rufe maka ido. Kada ka sayi kwalba mai tsada a bayan mota, ko a hannun wanda ya ce wai wani babban mutum aka kawo wa ya rasa yadda zai yi da ita, ko ta hoton WhatsApp.

In an yi taro a gidanka ko a wurin aikinka, lura da masu zagayowa bayan an watse suna neman kwalaben da aka shanye, musamman masu suna. Wasu kuɗi ma suke bayarwa, kuma ba don su zuba man gyaɗa ba ne. Kafin kwalba ta bar hannunka, kankare takardarta da wuƙa ko ka yage ta, ka jefar da matoshin da dalmar daban. In mai tsada ce sosai, naɗe ta a tsumma ka fasa.